DARASI KAN AWON JIKI: NAUYI, KITSE DA ƘUGU

 

Dalilin wannan darasi shi ne wata tambaya da ƴan'uwa da dama suke yi idan sun dawo daga gidan likita. Mutum ya je neman maganin ciwon kai ko na gwiwa, sai ma'aikacin lafiya ya ce ya tuɓe takalmi ya hau sikeli, ya tsayar da shi jikin bango ya auna tsawonsa, sa'an nan ya rubuta haruffa uku a takardarsa, IMC, da wata lamba a gabansu, 17 ko 23 ko 31. Wani a ce masa ya rage ci, wani a ce ya ƙara, kuma galibi layi ya yi tsawo, babu lokacin bayani. Sai mutum ya koma gida da takarda a aljihu bai san abin da aka auna ba, balle ya san ko abin tsoro ne.

Mu kuwa tun can muna da namu awon, wato ido. Idan ɗan kasuwa ya ajiye tumbi sai a ce arziki ya zauna. Idan amarya ta yi wata shida ta cika ta yi ɓul-ɓul sai dangi su yaba wa miji, su ce ya iya kiwo. Wanda ya rame kuwa sai a bi shi da kallo, wani lokaci har da mummunan zato. Wannan awo na ido ya ruɗi mutane da yawa, domin akwai wanda aka yi ta taya murnar ƙiba har ranar da ya faɗi a bakin rumfarsa ɓarin jikinsa ya shanye. Saboda haka ya kamata mu san awon likita, mu san amfaninsa, mu kuma san inda shi ma yake kuskure.

YADDA AKE LISSAFIN

IMC taƙaitawa ce ta sunan awon a Faransanci. Masu Ingilishi suna rubuta BMI. Ma'anarsa a Hausa ita ce gwada nauyin mutum da tsawonsa. Hikimar abin a fili take: kilo 70 ga dogon mutum ba komai ba ne, amma ga gajere kaya ne. Don haka faɗin nauyi kawai ba ya isa sai an haɗa da tsawo.

Ana ɗaukar nauyi da kilo, a raba shi da tsawo da mita, abin da ya fita a sake raba shi da tsawon. Kowace wayar hannu tana iya wannan lissafi, sai dai a waya ɗigo ake sawa inda muke sa waƙafi. Misali, mutum mai tsawon mita 1,70 da nauyin kilo 65: a raba 65 da 1,70 a sami 38,2, a sake rabawa da 1,70 a sami 22,5. To wannan ita ce lambarsa. Da nauyinsa kilo 50 ne da lambar ta zama 17,3, da kuma kilo 85 ne da ta zama 29,4.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, ta kasa baligai kamar haka. Wanda lambarsa ba ta kai 18,5 ba ya rame, idan kuwa ba ta kai 16 ba ramar ta yi tsanani. Daga 18,5 zuwa 24,9 shi ne daidai. Daga 25 zuwa 29,9 nauyi ya wuce kima. Daga 30 zuwa sama ƙiba ce, kuma ita ma tana da matakai, na ƙarshensu shi ne 40 zuwa sama. Idan muka juya lissafin, mai tsawon mita 1,60 daidai ɗinsa yana tsakanin kilo 47 da 64, ƙiba kuma ta fara masa daga wajen kilo 77. Mai mita 1,70 tsakanin kilo 53 da rabi da 72, ƙiba daga wajen 87. Mai mita 1,80 tsakanin kilo 60 da 81, ƙiba daga wajen 97.

Wanda ya fara lura da wannan lissafi ba likita ba ne. Sunansa Adolphe Quetelet, mutumin ƙasar Beljiyam, masanin lissafi da taurari, wanda ya rayu daga 1796 zuwa 1874. A shekarun 1830 ya duƙufa kan awon jama'ar Turai yana neman siffar matsakaicin mutum, sai ya gano cewa a tsakanin baligai nauyi yana bin tsawo ne idan an ninka tsawon da kansa. Neman cuta a jikin wani bai kasance cikin nufinsa ba. Sai a 1972 wani masani Ba'amurke, Ancel Keys, da abokan aikinsa suka gwada hanyoyin awo dabam-dabam a kan mutum fiye da dubu 7 daga ƙasashe biyar, suka ga ta Quetelet ta fi dacewa duk da ba ta cika ba, suka raɗa mata sunan da ake kiranta da shi yau. Mutanen nan da aka auna duka maza ne. A shekarun 1990 ne OMS ta tsayar da iyakokin da muka ambata.

Mun kawo wannan tarihi ne domin a gane cewa awon an yi shi ne don a duba halin jama'a mai yawa, gari ko ƙasa, kuma a nan yana aiki ƙwarai. Da shi OMS ta lissafa cewa a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙiba, baligai miliyan 890 ke nan ban da yara, a yayin da baligai miliyan 390 suke cikin rama. Amma idan aka zo kan mutum ɗaya, wane ɗan wane, to lambar tambaya ce ta farko, sauran bincike yana gaba.

INDA AWON YAKE GAZAWA

Sikeli yana auna mutum ne kamar yadda ake auna buhu a kasuwa ba a kwance bakinsa ba. Ya ce kilo 80, amma bai faɗi nawa ne gero nawa ne tsakuwa ba. Jikin mutum kuwa ƙashi ne da tsoka da ruwa da kitse, ruwa kaɗai ya kai wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin namiji baligi, kuma tsoka ta fi kitse nauyi idan girmansu ɗaya.

Ku dubi ɗan kokowar da ke shiga fili neman takobi, ko ɗan dako a tasha, ko maƙeri. Irin waɗannan lambarsu tana iya kai 27 ko 28, takarda ta ce nauyinsu ya wuce kima, alhali yawancin abin da suke ɗauke da shi tsoka ce. Ku dubi kuma dattijo ɗan shekara 70 wanda hannuwansa da cinyoyinsa suka sirance saboda tsufa, cikinsa kuwa ya turo riga. Lambarsa 23, takarda ta wanke shi, amma tsokarsa ta tafi kitse ya maye gurbinta. A ganinmu wannan na biyu ya fi na farko hatsari nesa ba kusa ba, domin ɗan kokowa abin da zai same shi ɓacin rai ne kawai, dattijon kuwa an ba shi kwanciyar hankalin da ba nasa ba.

Haka nan wanda ƙafafunsa ko cikinsa suka kumbura saboda ciwon zuciya ko ƙoda ko hanta, ruwa ne sikeli yake aunawa a jikinsa. Mace mai juna biyu ba a yi mata hukunci da waɗannan lambobi. Yara da matasa har zuwa shekara 19 suna da nasu jadawalin wanda yake lura da shekaru da jinsi, ma'aikatan lafiya ne suke karanta shi.

Akwai kuma bambancin jinsin mutane. A 2021 aka wallafa wani bincike da aka yi a Ingila kan kusan mutum miliyan ɗaya da rabi, aka tambaya: a wace lamba ce sauran al'ummu suke kai hatsarin ciwon sukari irin wanda Bature yake kaiwa a 30? Aka samu baƙar fata suna kaiwa a 28,1, Larabawa a 26,6, mutanen Indiya da Pakistan da maƙwabtansu tun a 23,9. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta rage iyakokin ga waɗannan al'ummu, har da ƴan asalin Afirka: nauyi ya wuce kima daga 23, ƙiba daga 27,5. Binciken an yi shi ne kan mazauna Ingila, kuma a gidajen likitanmu lambobin OMS aka saba aiki da su, amma ya ishe mu ishara cewa mai lamba 28 kada ya ce ai da sauran tafiya kafin 30. A 2023 ƙungiyar likitocin Amurka ta yanke shawarar kada a dogara da wannan lamba ita kaɗai, a farkon 2025 kuma wani kwamitin masana 58 daga ƙasashe da yawa ya nemi a riƙa tabbatar da ƙiba da wani awo na biyu kafin a kira ta cuta.

KASON KITSE

Awo na biyu da aka fi ambata shi ne kason kitse, wato kashi nawa cikin 100 na nauyin mutum kitse ne. Mai kilo 70 wanda kilo 14 daga ciki kitse ne, kasonsa 20 ke nan.

Kada a ɗauka kitse abokin gaba ne. Shi ne rumbun jiki, daga cikinsa ake ci idan abinci ya yanke ko ciwo ya kwantar da mutum. Yana kare kayan ciki, yana riƙe ɗumi, kuma bitamin A da D da E da K sai da maiƙo jiki yake iya tsotsarsu. Akwai ƙaramin kaso da rayuwa ba ta yiwuwa sai da shi, wajen kashi 3 ga namiji, wajen kashi 12 ga mace. Allah Ya halicci mace da kitse fiye da namiji saboda ɗaukar ciki da shayarwa, har ma idan nata ya ragu ƙwarai jinin al'adarta yakan ɗauke. Don haka kuskure ne a gwada mata da maza da lamba ɗaya. Wani jadawali da ake yawan aiki da shi ya sa daidai ga masu shekara 20 zuwa 39 tsakanin kashi 8 da 19 ga maza, tsakanin 21 da 32 ga mata, yana ɗan ƙaruwa da shekaru. Likitoci da yawa suna kiran abin ƙiba idan ya wuce kashi 25 ga namiji. Ga mace kuwa sun saɓa, wasu sun ce 30, wasu 32, wasu 35.

Akwai wani labari sananne a tsakanin likitoci wanda ya bayyana bambancin awon nan biyu fiye da dogon bayani. A 2004 wasu likitoci biyu abokan juna, Yajnik na birnin Pune a Indiya da Yudkin na Landan, suka wallafa hotonsu suna tsaye kafaɗa da kafaɗa a mujallar likitoci ta Lancet. Lambar IMC ɗinsu ɗaya ce cif, 22,3. Da aka auna kitsensu da na'ura sai aka samu na Yudkin, wanda yake gudun dogon zango, kashi 9,1 ne, na Yajnik kuwa 21,2. Sikeli da mita sun ce tagwaye ne, alhali ɗaya ya ninka ɗaya a kitse har da ɗoriya.

Matsalar wannan awo ita ce wuyar samu. Hanyar da ta fi inganci na'ura ce mai haskaka jiki, ana kiranta DEXA, sai manyan asibitoci kuma da tsada. Akwai wani ɗan ƙarfe mai kama da hantsaki da ake matse fatar damtse da ta baya da ta ciki da shi a auna kaurinta, amma yana son hannun da ya ƙware. Akwai kuma sikelin zamani da ake gani a wasu farmasi da wuraren motsa jiki, wanda yake tura wutar lantarki ƴar kaɗan da ba a jinta ta ratsa jiki. Wuta tana bin ruwa da sauƙi, kitse kuwa yana tare ta, da haka na'urar take yin ƙiyasi. To a nan sai a yi hattara, domin ruwan jiki na'urar take bi. Mai azumi da ya hau ta da la'asar a watan zafi, jikinsa ya bushe, za ta ba shi kitsen da ya fi nasa. Wanda zai yi aiki da ita ya riƙa hawa a lokaci ɗaya, da safe kafin karin kumallo, ya kuma lura da inda lambar ta nufa cikin watanni, kada ya tsaya kan ta rana ɗaya. Wanda aka dasa wa na'urar bugun zuciya kada ya hau ta sam.

INDA KITSEN YA ZAUNA

A nan muke so ƴan'uwa su ƙara natsuwa, domin wurin da kitse ya taru ya fi yawansa muhimmanci. Duk wanda ya taɓa feɗe ragon layya ya ga kitse iri biyu. Akwai na ƙarƙashin fata, akwai kuma farin nan da yake lulluɓe hanji ya kewaye ƙoda. Mutum ma haka yake. Na ƙarƙashin fata, musamman na cinya da ɗuwawu, cutarwarsa kaɗan ce. Na cikin ciki shi ne mai ɓarna, domin jinin da ya ratsa shi hanta yake nufa kai tsaye, yana kai mata maiƙo da wasu sinadarai masu ta da kumburi. Sannu a hankali hanta ta yi kitse, sinadarin insulin mai shigar da sukari cikin tsoka ya daina aiki yadda ya kamata, gaɓar da ke samar da shi ta yi ta ƙoƙari har ta gaji, sai ciwon sukari ya bayyana. Hawan jini da toshewar jijiyoyin zuciya da shanyewar ɓarin jiki duka suna da alaƙa da wannan kitse. Kuma duk wannan yana iya ɗaukar shekaru mutum bai ji ciwon komai ba, yana cin abincinsa yana zuwa kasuwarsa.

Alhamdu lillahi, auna wannan kitse ba ya bukatar na'ura. Mitar tela ta isa. A tsaya a miƙe, a laluba haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin kwatangwalo, a zagaya mitar a tsakiyarsu, galibi ɗan sama da cibiya, a saki numfashi kamar yadda aka saba sa'an nan a karanta. Kada a ja ciki, kada a matse mitar, kada kuma a auna inda ake ɗaure wando, domin mai tumbi a ƙarƙashin tumbin yake ɗaurewa, sai ya yi shekara goma yana cewa ƙugunsa bai ƙaru ba. Bisa lambobin OMS, hatsari ya fara ga namiji daga santimita 94, ya yi yawa daga 102. Ga mace daga 80, ya yi yawa daga 88.

Akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi, wadda ko wanda bai iya karanta lamba ba zai yi ta, kuma hukumar nan ta Ingila ta shigar da ita cikin ƙa'idojinta a 2022: ƙugun mutum kada ya kai rabin tsawonsa. A sami igiya ko zare mai kauri wanda ba ya miƙewa, a auna daga tafin ƙafa zuwa tsakar kai a yanke, a ninka shi biyu, a zagaya a ƙugu a wurin da muka bayyana. Idan bakin biyu suka haɗu har da saura, madalla. Idan suka ƙi haɗuwa, kitsen ciki ya yi yawa, ko da lambar IMC ta ce 23. Mai tsawon santimita 170 iyakarsa 85 ke nan. Idan ya kai 102, wato kashi 60 cikin 100 na tsawonsa, hatsarin ya yi girma. Wannan awo ɗaya ne ga namiji da mace, dogo da gajere, ban da mai juna biyu. Yana da wata fa'ida kuma: mace za ta yi shi a ɗakinta ita kaɗai ko da taimakon ƴar'uwarta, babu buɗe jiki gaban kowa.

ƊAYA GEFEN SIKELIN

A ƙasashen da suka wadata, maganar IMC maganar ƙiba ce kusan duka. A ƙasarmu kuwa sikelin yana rinjaya ta gefe biyu. Binciken ƙasa kan jama'a da lafiya na 2012 ya samu cewa a cikin matan Nijar masu shekara 15 zuwa 49, kusan ɗaya cikin shida ta rame, kusan ɗaya cikin shida kuma nauyinta ya wuce kima, masu nauyin sun fi yawa a Yamai da sauran birane. Ba abin mamaki ba ne a shiga gida ɗaya a tarar da uwargida mai fama da ciwon sukari, a tarar kuma da jikanta mai fama da tamowa.

Waɗannan abubuwa biyu suna da dangantaka fiye da yadda ake zato. Uwar da ta shiga ciki a rame ta fi kusa da haifar jariri wanda bai kai kilo 2,5 ba, kuma bincike ya nuna cewa wanda aka haifa ƙarami ya taso cikin ƙarancin abinci, idan ya girma ya sami wadata ya koma zaman wuri ɗaya, ya fi saurin kamuwa da ciwon sukari da hawan jini. Yaron ƙauye da ya sha yunwar bazara, ya zo birni Allah Ya buɗa masa, shi ya fi kowa bukatar igiyar nan.

Ga yara daga wata 6 zuwa shekara 5 akwai ɗan maɗaurin nan mai launi uku da ake zagayawa a tsakiyar damtse. Ja shi ne ƙasa da milimita 115, tamowa mai tsanani, a kai yaro gidan likita a ranar. Ruwan ɗorawa daga 115 zuwa ƙasa da 125, tamowa matsakaiciya. Kore daga 125 zuwa sama. Idan kuma aka danna bayan ƙafafun yaro biyu da yatsa gurbin ya zauna bai taso ba, wannan ma tamowa ce mai tsanani ko da yaron ya yi kamar ya yi ƙiba. A gundumar Miriya ta jihar Damagaram, a 2013 da 2014, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka koya wa dubban uwaye yin wannan awo da kansu, aka ga suna gano cutar da wuri, yaran da sai an kwantar da su suka ragu.

Baligi kuma da ya ga yana ramewa ba da nufinsa ba, ya rasa kamar kilo 3 ko 4 cikin 65 a wata shida alhali cinsa bai canza ba, kada ya tsaya neman maganin ƙiba. Ya je a bincika, domin tarin fuka da ciwon sukari da ƙanjamau da ciwon daji duka suna iya farawa da haka, kuma dukkansu gano su da wuri ya fi.

Wannan ya kawo mu ga wata musiba da ta shiga gidaje, wato ƙwayoyin sa ƙiba da ake sayarwa a kasuwa da tire, waɗanda ƴanmata da amare suke sha gabanin biki. Galibi iri biyu ne. Ɗaya siproheptadin, maganin ƙaiƙayi da mura ne mai buɗe ci da sa barci. Ɗayan deksametazon, magani mai ƙarfi da likita yake bayarwa da awo don wasu cututtuka. Wanda ya daɗe yana shan wannan na biyu, fuskarsa takan kumbura ta yi faɗi, kitse ya taru a ciki da bayan wuya, tsokar hannu da ƙafa ta zube, ƙashi ya yi rauni, sukari da jini su hau, garkuwar jiki ta faɗi. Wato dai ainihin kitsen da muka ce ya fi cutarwa shi ake saye da kuɗi. Muna kira ga magidanta su duba wannan al'amari a gidajensu, su kuma duba nasu bakin, domin sau da yawa maganar miji ko ta uwar miji ce take tura yarinya wurin mai tire. Wadda ta riga ta daɗe tana sha kada ta daina dare ɗaya, domin yankewa farat ɗaya tana iya kashewa. Ta je wurin likita ya riƙa rage mata a hankali.

WANDA IGIYARSA TA ƘI HAƊUWA

Abu na farko, ya je a auna masa jini da sukari, ko da yana jin kansa garau. Abu na biyu, kada ya ɗora wa kansa abin da ba zai iya ba. A wani babban gwaji da aka yi a Amurka kan mutum fiye da dubu 3 waɗanda sukarinsu ya fara hawa, aka wallafa shi a 2002, an nemi wani rukuni su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu su kuma yi tafiyar ƙafa mai ɗan sauri minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon sukari a cikinsu ta ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 85, kilo 6 ke nan, da tafiyar rabin awa kwana biyar a mako. Wanda masallacinsa ko rumfarsa take da tazarar minti goma, idan ya bar babur ya taka da ƙafa zuwa da dawowa sau biyu a yini, ya riga ya wuce wannan adadi.

Game da abinci, mafi yawan ɓarnar tana shigowa ne ta abin sha. OMS ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce wajen giram 50 a yini ga baligi, wato ƙananan cokula 12, rabin haka kuma ya fi. Gwangwanin lemu ɗaya yana ɗauke da wajen giram 35. Sai a haɗa da shayin majalisa, na fari da na biyu da na uku, da sukarin da ake zubawa a fura da kunu, a ga inda lissafi ya kai kafin azahar. Gero da dawa da wake da zogale da kuɓewa da yakuwa, abincin da muka gada, babu laifi a cikinsu. Abin dubawa shi ne yawan man da ake kwarara wa shinkafa, da soye-soye, da girman malmala ga wanda aikinsa zama ne.

Wasu suna jiran watan Ramadan ya rage musu. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna cewa masu azumi suna rage wajen kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi a watan, kuma mafi yawansa yana dawowa cikin ƴan makonni bayan salla. Wanda ya buɗe baki da ƙosai da fanke da lemu mai sanyi kwana talatin yana iya fita watan ya fi yadda ya shiga. Mai ciwon sukari kuwa ya ga likitansa tun cikin Sha'aban, a daidaita masa magani.

Muna tunatar da masu yin wannan awo a gida ko a cikin ƙungiya cewa lambar mutum sirrinsa ce, ba abin ba'a a majalisa ba. Ƙiba tana da gado a cikinta, tana zuwa bayan haihuwa, wasu magunguna ma suna kawo ta, kuma wanda aka kunyata gaban jama'a ba ya sake yarda a auna shi. A rubuta wa kowa nauyinsa da ƙugunsa da kwanan wata a takardarsa, ya ajiye igiyarsa, a sake aunawa bayan wata uku da sikeli ɗaya, da safe, da tufafi marasa nauyi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.